Birkin Baya na Baba Direba

"Ba ni makullina."

"Ba zan bayar ba, Baba."

"Ni na haife ka, ko kai ka haife ni?"

"Kai ka haife ni. Shi ya sa ba zan bayar ba."

Ina tsaye a bakin ƙofarsu, rungume da kwali mai nauyi. Ba wanda ya ce in shigo.

Baba Direba maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motocin mutane, da ya ajiye aiki ya sayi tasa, tsohuwa, ruwan toka. Mai hana shi makullin kuwa babban ɗansa ne, tela, muna ce masa Dogo. Kwanakin baya Baba ya zo kwanar firamare, yara na tsallaka titi, motar ba ta tsaya ba sai da ta daki turken fitila. Ba wanda ya ji ciwo. Dogo ya ce ƙafar Baba ce ta ƙi. Baba ya ce birki ne.

"Na gaba sababbi ne, da hannuna na sa su," in ji Baba. "Saura na baya. Ga yaron nan ya kawo."

Ni ne yaron. Tun da na gama sakandare nake tsaron shagon kayan mota. A kwalin akwai faifan birki biyu da fad ɗinsu, ƙarafan nan masu matse faifai su tsayar da taya.

"Ka canza har inji in kana so," Dogo ya ce. "Mu je asibiti a duba ƙafar nan, sai in ba ka."

"Asibiti! Mai ɗinkin wando zai koya min ƙafata. Tun kana tsuma nake taka birki."

Mama, matarsa, ta leƙo daga kicin. "Ku yi a hankali mana, unguwa na ji."

"Unguwa ta ji!"

Dogo ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya cusa makullin a aljihu, ya wuce ni ya tafi shagonsa.

Motar na tsakar gida, kusa da tankin ruwa. Baba ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera sufanu a kai daga ƙarama zuwa babba. Ya sa dutse a gaban tayoyin gaba, ya sauke birkin hannu, ya sassauta notuna, sannan ya ɗaga bayan motar da jak. Na miƙa hannu zan kama, ya buge shi.

"Kai mai sayarwa ne. Tsaya ka ga yadda ake sa abin da kake sayarwa."

Na tsaya. A nan na lura da takalminsa. Silifas ɗin dama ya fita tun a bakin ɗaki, yana can a kife. Baba yana ta yawo a kan tsakuwa mai zafi da ƙafa ɗaya tsirara, yana ɗan jan ta. Bai sani ba.

Ya cire tayar hagu. Ya kwance kalifa, gidan da fad suke zaune, ya rataye ta da waya don kada tiyon mai ya tsinke. Ya sa yatsa ya zaro fad ɗin farko.

Da kaurinsa. Ko rabi bai ci ba.

Ya zaro na biyu. Haka. Ya shafa faifan da tafin hannu, sumul, babu rami, babu zane. Ya juya fad ɗin sama da ƙasa, ya kai shi kusa da ido. Ya daɗe a haka.

"Ɗaya gefen ne," ya ce.

Ɗaya gefen ma haka. Ni da nake ganin matattun fad kullum a kan kanta, na san waɗannan za su ƙara shekara suna aiki. Shi ya fi ni sani.

Ya zauna a kan tayar da ya cire. Ya kalli ƙafarsa. Sai a lokacin ya ga babu takalmi. Ya yi ƙoƙarin motsa babban yatsa, yatsan ya yi kamar bai ji ba.

"Baba, in kira Yaya Dogo?"

"Ka kira shi ya yi min me? Ya ɗinke min ita?"

"In mayar da kayan shago, to. Ba a ɓata su ba."

"Wa ya ce maka ba zan sa ba?"

Ya tattara tsofaffin, ya jefa su cikin kwalin, ya rufe. "Ka tafi da su. Kada in gan su a gidan nan."

Ya ci gaba da aiki. Faifan dama ya manne da tsatsa, ya yi ta bugunsa da guduma har ya saki. Ya goge sababbin da fetur, ya zaunar da su. Ya mayar da fistin, ƙarfen da ke tura fad, ciki da ƙyar, gumi na ɗiga daga haɓarsa, don sababbin fad su sami wuri. Mama ta kawo masa ruwa.

"An samu abin?"

"An samu."

"To Alhamdu lillahi. Dama na ce wa yaron nan ya daina yi maka kallon tsoho."

Kofin ya karɓa da hagu.

Ya mayar da tayoyi, ya sauke jak, ya ja birkin hannu. Yana ɗaure notin ƙarshe sufanar ta suɓuce. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya tafi gaba ɗaya, kafaɗarsa ta daki ƙofar motar. Da na juyo shi, bakinsa ya karkace. Yana magana, ba kalmar da ta fito daidai.

A motar wani muka kai shi asibiti. Tasa tana nan, makullinta na aljihun tela. Likita ya ce jini ne ya hau masa kai, kuma ba yau ya fara ba. Baba bai sake magana ba. Washegari da hantsi ya cika.

Bayan mutane sun watse, gida ya yi faɗi. Mama ta ce a fitar da motar daga tsakar gida, ba ta son buɗe ƙofa tana ganinta. Ina gidanmu na ji an tayar da inji. Na fito da gudu ba ko riga, ina kiran Dogo. Kafin in kai ƙofarsu na ji ƙara.

Duk wanda ya mayar da fistin ciki, sai ya tattaka birki sau da yawa kafin ya motsa mota, in ba haka ba takun farko iska zai taka. Baba bai kai ga wannan ba. Dogo kuwa tela ne.

Motar ta ja baya ta daki tankin. Ba da wani ƙarfi ba. Tankin ya tsage daga ƙasa, ruwa na bin tsakuwa yana shiga ƙarƙashin tayoyi. Mama na tsaye a ƙofar kicin, hannunta a baki.

Dogo bai fito ba. Yana riƙe da sitiyari da hannu biyu, inji na aiki.

"Na taka," ya ce. "Wallahi na taka har ƙasa. Ba komai a wurin."

Na zura hannu ta taga na kashe motar. Sai ƙarar ruwan kawai.

Ya ɗago ya kalli uwarsa, ya kalle ni. Idonsa ya yi ja.

"Ashe gaskiya yake faɗa? Kai da kake wurin, birkin ne?"