Wandon Auta

Duk wanda ya kawo wa tsohuwar telar nan kaya a rage masa, ba ta yanke yadin. Kalmasa shi take yi ta ciki, ta bi da ɗinki, ta danne da dutsen guga. Ta ga masu ramewa iri-iri a shagonta. Su shigo da labarin tsalle-tsalle da cin ganye, kafin shekara ta zagayo su dawo a buɗa musu, suna magana suna kallon silin. Ita kam ta ci kuɗin ragi, ta ci na buɗi. Shi ya sa in ta ji ana cewa motsa jiki yana tara wa mutum dukiya ba ta musu, sai dai tana da ra'ayinta a kan ko wane ne mutumin.

Ran nan sai ga ƙaninta Auta, direban motar wani kamfani, wanda furfura ta cinye masa kai amma sunan bai sake shi ba. Likitan kamfanin ya gaya masa in jininsa ya ƙara hawa, to ya ajiye makulli. Tun daga nan yake zuwa aiki a ƙafa, ya rabu da lemon kwalba da soye-soye.

Ya shimfiɗa wandon aikinsa a kan tebur.

"Yaya, a rage min. Jiya saura ƙiris ya zame a gaban manaja."

Ta zagaya masa tef a ƙugu, ta duba, ta sake dubawa.

"Ina ka kai tumbin? Ko ajiya ka bayar?"

"Na sallame shi. Yanzu ko kuɗin mota ba na biya, magani ma an rage min rabi."

"Takalmi fa? Ga na ƙafarka nan ya buɗe baki yana gaishe ni. Matarka kuma ta ce ganyen nan naka ya fi nama tsada."

"Ki bar ta, ita da ƙorafi."

Ta ja layi da alli, ta fara kalmasa yadin kamar kullum. Auta ya dafa wandon.

"A'a, Yaya. Yankewa za ki yi."

"Kai Auta, ka shiga hankalinka. Kamfani ba ya ba da wani sai wannan ya mutu. In ka koma yadda kake, daga aljihunka za ka ɗinka sabo."

"In na koma yadda nake, ai ba wando zan nema ba, aiki zan nema." Ya sassauta murya. "Na san halina. Muddin na san akwai wuri a ciki, wallahi sai na cika shi."

Ta dube shi ta saman tabarau. Wannan ne fa wanda tun yana goye a bayanta ba ya wuce tukunya bai miƙa hannu ba. Amma wuyansa ya fito, kuma tun da ya shigo ba ta ji hakin nan nasa ba.

Ta ɗauki almakashi. Ya yi ƙara a cikin yadin, ƙyalle ya faɗo ta dama, wani ta hagu. Auta ya tsince su da kansa ya jefa a kwandon shara. Ta hau keke ta ɗinke, ya shiga bayan labule ya saka, ya fito yana jujjuyawa a gaban madubi.

"Nawa ne?"

"Tafi ka sayi takalmi."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa. Wani mai tasi ya rage gudu ya danna masa hon, Auta ya ɗaga masa hannu ya ci gaba da tafiya har ya sha kwana.

Ta koma ciki ta sunkuya a kan kwandon, ta zaro ƙyallayen, ta karkaɗe zaren da ya manne musu, ta goge su da sauran zafin dutsen guga, ta sa a ƙasan durowa. Kalar nan dai ba a cika samunta a kasuwa ba.