Bututun Haji Norkul

Mai walda na bisa tsani yana haɗa sabon reshe da babban bututun gas mai ruwan ɗorawa da ya bi ta kan ƙofar gida, tartsatsi na ta zuba. Baba Tursun kuwa na zaune a dakali ƙarƙashin rumfar inabi, ya juya wa aikin baya kamar ba a gidansa ake yi ba.

Gobe ne fa bikin sa jikansa Umid a gadon jarirai. Yaron nan tubarkalla, kumatu kamar gurasar da aka ciro yanzu, har ya fara yi wa mutane dariya! Kuma duk unguwar nan ta birnin Kokand ba wanda bai san tsiren Baba Tursun ba. Aure ne, kaciya ce, shi ke tsayawa kan gawayi da maficinsa, maza sun kewaye shi suna jira ya miƙo. To sai ga Haji Norkul, mahaifin mai jego Mohira, ya iso da sassafe daga garin Fargana, mota cike da bututu da sabon murhun tsire mai aiki da gas. Wai gudummawarsa ce, kada hayaƙi ya shiga ƙirjin jikansa.

Jikansa. Kalmar nan ce ta fara tsaya wa Baba Tursun a wuya.

Haji ya goya hannu a baya yana zagaya tsakar gidan mutane, yana nuna a bi ta nan, a lanƙwasa ta can. Inna Salomat, matar Baba Tursun, na biye da shi. Da suka zo wajen tanderunta ta ɗan yi ƙorafin karan auduga da take hura wuta da shi, yadda hayaƙinsa ya cinye mata ido. Haji bai ma bari ta ƙarasa ba, ya ce wa mai walda ya ja reshe ɗaya zuwa can. Inna ta rufe baki da gefen ɗankwali tana dariya kamar amarya, tana ta sa masa albarka.

Shekara da shekaru ke nan tana roƙon mijinta wannan abu. Kullum amsarsa ita ce sai an cire auduga. An kuwa cire auduga sau ba adadi.

"Suruki, taso mana ka ga aiki," in ji Haji.

"Ina gani daga nan. Naman da bai sha hayaƙi ba ai dafaffe ne, na marasa haƙori."

"To ai ni da kai mun kusa. Tanadi na yi mana."

Kowa ya kwashe da dariya, ta Inna Salomat ta fi ta kowa ƙarfi.

Bayan azahar aka gama. Mai walda ya bi kowace mahaɗa da kumfar sabulu, Baba Tursun na leƙe ta wutsiyar ido ko Allah zai sa wani wuri ya nuna yoyo. Ko ɗaya. Aka murɗa, wuta ta tashi shuɗiya shar, ba hayaƙi ba toka. Sardor, uban jariri, ya jera tsinke biyar na gwaji da kitsen wutsiyar rago, ya kai wa mahaifinsa na farko. Baba Tursun ya tauna a hankali yana neman aibu. Nama ya yi laushi, ya yi daɗi, abin haushi. Ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Aka shimfiɗa ledar abinci a dakali, Mohira ta kawo koren shayi. Za ta zuba ke nan Baba Tursun ya karɓe butar, ya ce ta je ta ji da yaro. Baƙon da ake so ai ɗan kaɗan ake zuba masa a gindin kofi, don a yi ta ƙara masa, hira na tsawo. Baba Tursun ya zuba wa mai walda ɗan kaɗan. Ya zuba wa ɗansa ɗan kaɗan. Da ya zo kan Haji sai ya cika kofin maƙil, har yana neman zuba.

Cika wa baƙo kofi kuwa sallama ce: sha ka tafi. Mohira ta tsaya a bakin ƙofa rungume da Umid, idonta ya kawo ruwa. Haji ya dubi kofin, ya karɓa da hannu biyu, ya shanye a natse. Ya shafa addu'a, ya ce bari ya kama hanya, akwai sauran kayan gado da za a haɗa. A bakin mota ya riƙe hannun Baba Tursun.

"Gobe kai ne a kan wuta fa. Ni ko ƙwai ban iya soyawa ba. Don kai na kawo."

Da ma zagi ya yi, da ya fi sauƙin haɗiya.

Da ya koma ciki, Inna Salomat ta wuce shi ta tafi wajen tanderunta, tana murɗa makunnin tana kashewa, tana murɗawa tana kashewa. Ya ce mata, ai shi ma bana ya yi niyya. Ta ce ta sani, Baban Sardor, bayan an cire auduga.

Mai walda na naɗe wayar waldarsa Baba Tursun ya ja shi gefe. Ya tambaye shi tsawon bututun da aka ja yau, aka gaya masa. Ya nuna can ƙarshen lambu, bayan bishiyar rumman, inda katanga ta ƙare, ya ce jibi ya dawo ya ja masa wani har can.

"Baba, me za a dafa a can? Kaji ne kawai a wurin."

"Ina ruwanka da kaji? Ya fi nasa tsawo ko bai fi ba?"

Mai walda ya auna da ido ya ce ya fi.

"To ka zo da wuri."