Nauyin Awarwaron Inna

Ran da na koma aiki bayan rasuwar Inna, darasin awon nauyi cikin ruwa ne ya faɗo a kaina. Dunƙulen ƙarfen da muke gwaji da shi ya yi ɓatan dabo, kamar yadda komai yake yi a ɗakin gwajin nan. Ban da ƙarfin yi wa kowa faɗa, sai na zare awarwaron Inna da Yaya ya ba ni, na miƙa wa ɗalibai.

Aikin ba wuya. A rataye shi a sikeli da zare a rubuta nauyinsa, a nutsa shi cikin kofin ruwa a sake rubutawa, sannan a raba nauyin farko da abin da ruwa ya rage. Na ce musu in zinariya ce, amsar ba za ta gaza sha biyar ba.

Rukunin farko suka samu takwas da rabi. Na ce su daina lissafin dokin rano. Na biyu ma haka. Na karɓa na auna da hannuna, zaren ya daina lilo, allurar ta tsaya inda ta tsaya musu. Tagulla ce. Ban ji komai ba, na ba su makinsu, na zubar da ruwan.

Mu biyu muka rage a duniya, ni da Yaya, kuma tun a hanyar zuwa wurinsa nake jin ko shi ma na rasa shi ke nan. Na same shi a shagonsa yana gyaran fanka. Na ajiye awarwaron cikin kusoshi, na gaya masa abin da sikeli ya nuna.

Bai musa ba, bai kuma ɗago ba. Ya ce na gaskiyar ya tafi a wankin ƙodar Inna. Ya sa maƙeri ya yi irinsa, ya musanya mata tana barci don kada ta farka ta ga hannunta wayam.

Na ce, "Ba ta gane ba?"

Ya ajiye filaya. "Da safe ta ɗaga hannun tana murna. Ta ce, ka ga na fara samun ƙarfi, yau ko nauyinsa ba na ji."