Sai Raɓa Ta Daskare

Vernon ya riga ya kife rabin alkamar da garmar tarakta kafin matarsa Darlene ta iso bakin gonar da silifas, tana ɗaga hannu. Bai kashe injin ba. Ta tambaye shi ko ya haukace ne, ga lokacin farauta ya kusa, ga bareyi kullum suna kwana cikin alkamar nan. Ya ce ya sani. Ta dubi gidan maƙwabcinsu Gus da ke hayin shinge, ta dubi mijinta, ta juya gida.

Tun suna da ƙarfinsu Vernon da maƙwabcinsa Gus Tollefson suke wannan gasa. Kowa ya share fili a bakin daji, ya shuka wa bareyi abinci, don in kaka ta yi su saba da wurinsa, ya harbe su daga rumfarsa ta kan bishiya. Vernon alkama da wake yake shukawa. Gus kuwa tanif, mai faɗin ganye da kai a ƙasa kamar albasa. A 'yan shekarun nan duk gasar ta koma kan wani tsohon ƙishimi, namijin barewa mai rassan ƙaho, da suka sa wa suna Gwamna, don ba a ganinsa sai ya ga dama.

Bana Gus ya shuka tanif ɗinsa yana tari. Kafin ganye ya rufe ƙasa, likitoci suka sallamo shi, suka ce huhun ya gama. 'Yarsa Rhonda ta bar aikinta a birni ta dawo, ta sa aka kawo gadon asibiti, aka ajiye a falo jikin tagar da ke kallon filin. Abu ɗaya ya rage wa Gus: ya ga bareyi cikin shukarsa. Su kuwa suna can cikin alkamar Vernon.

Da ya gama kife alkamar, Vernon ya shiga gidan Gus da ƙasa a takalminsa. Gus na kwance, robar iska a hanci, tabaron hangen nesa a ƙirji.

"Na ji taraktarka," in ji Gus. "Me ka binne?"

"Alkamar ba ta yi kyau ba."

"Maƙaryacin banza. Jiya da idona na gan ta." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ka tsufa ba ka yi wayo ba, Vernon. Ko ka ƙone gonarka ba za su taɓa tanif ba yanzu. Ɗaci gare shi. Sai raɓa ta daskare a kansa yake yin zaƙi."

Vernon ya san haka. Kowa a yankin ya sani. Ya dai zauna ya sha kofin da Rhonda ta miƙo masa.

Bareyin ba su zo filin Gus ba. Ƙarar tarakta da warin sabuwar ƙasa suka kore su gaba ɗaya, suka tsallaka rafi zuwa gonakin masara. Kuma sanyi ya ƙi zuwa. Ganyen bishiyoyi ya zube, amma mutane na yawo da riga ɗaya, mai labarin yanayi a rediyo kullum yana cewa mako mai zuwa.

Kowace safiya Vernon ya zagaya filin ta inda iska ba za ta kai warinsa daji ba, ya duba kejin. Wani ɗan kejin waya ne Gus ya kafa a tsakiyar shukar, wanda bakin barewa ba ya shiga. In ganyen waje ya fi na ciki gajarta, an ci ke nan. Kullum tsawonsu ɗaya. Sai ya shiga falo, Gus ya ɗaga gira, shi kuma ya girgiza kai. Daga baya ma suka daina wannan. Vernon ya zauna kawai, injin iska na huci, matan coci na shigowa da tiren dankali da taliya, ba mai ci.

Ranar da Gus ya daina karɓar ko ruwa, Vernon ya ɗauko buhun masara a bayan motarsa. In ya zuba a filin, kafin gobe bareyi za su cika shi. Ya sa buhun a kafaɗa ke nan Rhonda ta leƙo daga ƙofa.

"Kawu Vernon, Baba na kira."

Gus ya hango shi ta taga. Muryarsa ta koma kamar takarda, sai da Vernon ya sunkuya.

"Mayar da buhun nan. Kaji ake watsa wa masara. Ni noma na yi musu."

"Ba wanda zai sani, tsoho."

"Gwamna zai sani."

Vernon ya mayar da buhun.

Gus ya rasu washegari da rana tsaka, taga a buɗe saboda zafi, ƙuda ɗaya na bin gilashi. Rhonda na waya da mai kawo magani, Vernon ne a kujera. Ya lura ƙirjin ya daina ɗaga tabaron. Ya jira. Sannan ya miƙa hannu ya kashe injin iskar, don ƙararsa ta dame shi, ya je ya tsaya bayan Rhonda har ta gama wayar.

Aka binne shi a maƙabartar coci, maza sun cire kwat sun rataya a hannu. A wurin cin abinci wani ya tambayi Vernon ko gaskiya ne ya kife alkamarsa. Ya ce gaskiya ne. Mutumin ya jira ƙarin bayani, bai samu ba, ya koma wajen kek.

Bayan 'yan kwanaki masu gadon asibitin suka ce za su zo ɗaukar abinsu da sassafe, Rhonda ta roƙi Vernon ya taya ta kwance shi. Da ya fito da safen ranar, ciyawa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminsa, gilashin mota ya yi fari da daskararriyar raɓa. Ya tsaya ya dube shi, ya wuce.

Suka naɗe katifa, suka zare ƙarafuna. Rhonda ta ɗauki tabaron daga kan taga ta ce ya riƙe, ita ba ta san abin da za ta yi da shi ba. Ya karɓa. Hannunsa ne ya kai shi ido, don sabo.

Ba ko barewa ɗaya a filin. Amma gefen da ke bin daji an aske shi har ƙasa, an tone kawunan tanif an gatsa an bari. Sawun kofato ya ratsa farar raɓar, ɗaya ya fi sauran faɗi da zurfi, ya zagaya kejin ya koma cikin bishiyoyi.

"Akwai wani abu?" in ji Rhonda.

"Kama can," ya ce, ya ajiye tabaron.

Suka ɗaga gadon suka fita da shi. Ta tagar da ba kowa, rana ta fara taɓa kejin, ganyen ciki na tsaye da tsawonsa, raɓar na narkewa tana ɗiga.