A-kori-kurar Buhu Biyu

"Cire shi," in ji Buhu Biyu.

Makanike ya turo kai daga ƙarƙashin a-kori-kurar, giris har gemu, ya dubi maƙwabcin nasa sheƙeƙe. "In cire me?"

"Fallen da ka ƙara a sifirin. Na ɓangarena."

"Kai dai ba ka rabo da neman magana. In cire, ka zauna, ta durƙusa a tsakiyar titi a ce aikina ne?"

Shekara goma sha tara ke nan da Makanike ya ƙara falle ɗaya na ƙarfe a sifirin da ke ɗauke da nauyin motar ta ɓangaren direba, don in mutumin nan ya zauna sai motar ta karkace kamar mai ciwon kwankwaso. A ranar ne ma sunan ya kama shi. Makanike ya ce nauyinsa ya kai buhun siminti biyu har da ɗoriya, unguwa ta cafe, har matarsa in ya ɓata mata rai da sunan take kiransa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Garejin kuwa rumfar kwano ce a bakin lungun, tana kallon tagar ɗakin Buhu Biyu. Shi dako yake yi da motar: bulo, rodi, katako, tankin ruwa, duk abin da aka ɗora masa.

A farkon makon nan ya turo ta cikin rumfar ya ce a yi mata aiki tun daga tushe. Sabbin shokazoba, sabbin bushin, a canza tayarod, kuma a cire tsohon sitiyarin nan mai tauri a sa mai famfo, wanda mai ke taimaka wa juyawa. Makanike ya ɗauka kwangila ce ta faɗo wa mutumin, har ya yi masa ba'a cewa tsufa ya zo, damtse ya gaza.

"Tsaya in nuna maka," in ji Makanike. Ya sauke jak, tayoyi suka taɓa ƙasa. "Hau ka zauna."

Haka yake aikinsa tun yana saurayi. Ba ya ɗaure notin ƙarshe, ba ya saita taya, sai mai motar yana zaune a kujerarsa. Yakan ce mota babu direba ƙarya take yi wa tef ɗin awo. Buhu Biyu ya tattare babbar rigarsa, ya kama ƙofa, ya ɗan tsaya yana numfashi, sannan ya hau. Makanike ya tsuguna ya auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a wancan ɓangaren, ya zagayo ya auna na direba.

Ɓangaren direba ya fi tsayi da yatsa uku.

Ya ce daɓen ne ba daidai ba. Ya kaɗe tef ɗin a cinyarsa ya sake awo. Yatsa uku dai. Sai ya ɗago kai, idonsa ya sauka a kan hannun da ke riƙe da sitiyari. Agogon Buhu Biyu ya zame ya koma tsakiyar hannu, ga sabuwar huda da aka yi wa madaurinsa da ƙusa, ita ma ta yi yawa. Kullum suna tare, kullum babbar riga yake gani, bai taɓa kallon abin da ke cikinta ba.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Wata biyar. Likita ya ce in koma gida in huta, magani ya gama nasa."

"Wata biyar, ka bar ni ina ta tsokanarka?"

"To, in ka daina wa zai yi?" Buhu Biyu ya shafa sitiyarin. "Ba don ni ake aikin nan ba, maƙwabci. Don Auta ne."

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa. Mijinta ya rasu bara, ta dawo gida da yara biyu. Tuƙi kam ta iya, shi ya koya mata a filin bayan makaranta, tana sa giya ba ka jin ko ƙas. Sitiyarin ne ya gagare ta. In ta zo kwanar lungun sai ta miƙe tsaye ta rataya a jikinsa, kuma duk da haka sai ta yi ribas sau uku. Yayanta, wanda ke aiki a wani gari, ya riga ya faɗa cewa motar ba ta mace ba ce, a sayar wa masu gwangwan a huta.

"Yaron ba mugu ba ne, abin da ya gani yake faɗa," in ji Buhu Biyu. "Ina so ta fita lungun nan da ita a gabansa, ni ma in gani da idona, in ce tata ce yana ji. Da ita za ta ci da yaran. Daga nan ba ni da sauran aiki."

Ba ni da sauran aiki. Wannan maganar ce Makanike ya kwana yana juyawa a ransa.

Washegari ya samo famfon a kasuwar kayan gyara, lafiyayye, har da robobinsa. Ya kawo shi gareji, ya juya shi a hannu, ya dubi tagar da ke tsallake, sai ya naɗe shi a tsohon buhu ya tura can ƙarƙashin benci. A ransa ya ƙudurta cewa motar ce ke riƙe da mutumin. Ranar da aka gama, ranar zai saki. To, ba za a gama ba. Wauta ce, shi ma ya sani, amma mutum mai shekara sittin da ɗoriya ya zauna ya yi ta da gangan.

Ya sa shokazoba, ya cire, wai ba su zauna ba. Ya wanke tayarod ɗin da ba su da datti. Kwana biyu na farko Buhu Biyu yana zuwa ya zauna a benci, a zaton Makanike bai san a kan famfon yake zaune ba. Daga nan ya koma kujera a ƙofar gida. Daga nan aka jawo masa gado jikin taga. Kowace safiya in Makanike ya ɗaga ƙofar gareji sai muryar ta ƙetaro, kullum tana ƙara sirancewa.

"Famfo fa?"

"Ana nema. Ka san kayan tsohuwar mota."

"To, Allah ya sa a dace."

A kwana na tara da hantsi, Auta ta shigo rumfar. Ta gaishe shi, ba ta zauna ba. Ta sunkuya ta jawo buhun daga ƙarƙashin benci, ta warware shi, ta ajiye famfon a kan bonet a hankali.

"Baba Makanike, ba wannan ba ne?"

Ya buɗe baki zai ce na wata motar ne, ta riga shi.

"Jiya cokali biyu na shayi ya sha," in ji ta. "Ba ya iya juyawa sai mun juya shi. Yaya ya iso tun shekaranjiya, jibi zai koma wurin aiki. Ba motar ce ke riƙe da shi ba, Baba. Jira kawai yake yi, kuma jiran da ciwo."

"Ke kika gaya masa?"

"Shi ya gaya min. Ta taga ya ga ka shigo da shi. Ya ce in ƙyale ka, wai tsoro kake ji, zai wuce. Ni ce na ga ba zai wuce ba."

Kunya ta rufe Makanike, irin wadda bai ji ba tun yana ɗan koyo. Kwana tara yana yi wa mai ciwo ƙarya, mai ciwon yana amsa masa da addu'a. Ya goge fuska da tsumman hannunsa, ya ƙara shafa wa kansa baƙin mai.

"Miƙo min sifana sha bakwai," ya ce. "Ki je ki sako takalmin da za ki riƙa tuƙi da shi."

Ya ɗaga motar, ya kwance ƙusoshin da ke ɗaure sifirin. Fallen ya manne da tsatsa, sai da ya sa guduma kafin ya rabu, ya faɗo ƙasa da ƙara. Daga tagar aka ji tari, sannan wani abu mai kama da dariya. Ya cire tsohon akwatin sitiyari, ya ɗaura sabon, ya kafa famfo a jikin injin, ya ja bel, ya zuba jan mai. Ya sa Auta ta riƙa juya sitiyarin ƙarshen dama, ƙarshen hagu, har kumfar da ke cikin man ta ƙare. Duhu ya hana shi ƙarasawa, ya rufe.

Da gari ya waye ya sauke ta ƙasa. Ya matso da kujerar gaba har ƙarshen layinta, Auta ta ɗora matashi ta zauna. Ya auna nan, ya auna can. Daidai. Ya ja igiya daga tayar baya zuwa ta gaba, ya murɗa tayarod rabin zagaye, ya sake dubawa, sannan ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure tamau. Ya loda mata bulo arba'in daga na ginin da ke gefen garejin, don kada a ce fanko ta juya.

An tallafe Buhu Biyu da matasai har kansa ya kai bakin taga. Matarsa na zaune a gefen gado, ɗansa na tsaye a bayansa ya harɗe hannu. Makanike ya tsaya daga waje, kafaɗarsa jikin katanga.

Auta ta tayar da injin. Motar ta fito daga rumfar, ta bi lungun a hankali, ta tsallake kwatar ƙofar gidan tela ba tare da ta yi tsallen da ta saba ba. Da ta isa kwana, aka ga gwiwar hannunta ta ɗaga sau ɗaya, sau biyu, hancin motar ya shige, bulo arba'in suka bi shi, ta ɓace. Babu ribas. Tela da ya leƙo da almakashi a hannu ya ce, "A'a, wa ke ciki?"

Ba a daɗe ba ta ɓullo ta ɗaya bakin lungun. Ta murɗe sitiyari har ƙarshe ta tsaya daf da taga, injin na aiki.

"Ka gani?" in ji Buhu Biyu, bai juya ba.

"Na gani, Baba," in ji ɗan.

"Tata ce. Ka ji da kunnenka, uwarku ta ji, maƙwabci ya ji."

"Na ji, Baba. Tata ce."

Ya lumshe ido yana maida numfashi. Makanike ya matso, yana neman yadda zai fara maganar kwana taran nan. Kafin ya samo, idon ya buɗe.

"Maƙwabci."

"Na'am."

"Bel ɗinka na kuka in ta kai ƙarshe. Aikin gaggawa ka yi."

"Gaggawa? Ni?"

"Je ka ɗaure. Kada ta fita da shi haka a ce ba ta da makanike."

Gaskiyarsa ne, akwai ɗan siririn kuka. Makanike ya ɗauko sifana, ya ɗaga bonet, ya sa Auta ta kashe. Ya sassauta noti, ya danna famfon da ƙarfe har bel ɗin ya miƙe, ya ɗaure. Aikin bai fi minti biyar ba.

"Tayar. Kai shi ƙarshe."

Ta tayar, ta juya dama har ƙarshe, ta dawo hagu har ƙarshe. Shiru, sai ƙugin injin.

"To, yanzu fa?" Makanike ya ɗaga murya daga bayan bonet. "Ko akwai saura?"

Ba a amsa ba. Ya sauke bonet ɗin. Ɗan ne a bakin taga, ya dafa ƙarfenta da hannu biyu, kansa a ƙasa. Daga ciki ana jin muryar uwar, ƙasa-ƙasa, tana kiran sunan Allah.

Auta ta dubi yayanta ta gilashi, ta daɗe tana dubansa. Tayoyin gaba suna nan a karkace, suna kallon katanga. Ta ɗora tafin hannu ɗaya a kan sitiyarin ta juya shi a hankali har suka miƙe, ta ja birkin hannu, sannan ta kashe injin. Makanike na tsaye da sifana a hannu, yana jin ƙarfen injin yana ƙas, ƙas, yana hucewa.