Jifan Farko

Ranar tunawa da hatsarin jirgin ƙasa, safiya ta gwamnati ce, hantsi kuwa na mutanen gari. Da safe ake sauke tuta zuwa rabin sanda, manya su zo tasha da baƙin tabarau, a busa jiniya, kowa ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan wani mai tumbi ya karanta jawabin da ya karanta bara. Motocinsu na ɗagawa sai a shiga ainihin abin da ya tara jama'a. Kowa ya fito da dutsen da ya tsinto a layin dogo, wanda ya rubuta sunan mamacinsa a jiki da farin fenti, a ɗunguma zuwa gidan mai sigina.

Mai sigina shi ne aka ce ya buɗe wa jirage biyu layi ɗaya. Ya mutu a gidan yari tun shekarar farko, kwamitin bincike kuwa har gobe yana bincike. Kowa ya san an bar jaki ana dukan taiki, amma jakin yana da masu gadi, taikin kuwa ga shi nan a ƙarshen titi, ɗaki biyu da taga mai kallon hanya. Matar mai sigina takan rufe tagar da katako tun jajibere, ta shige banɗaki ta toshe kunne, a yi ta ruwan duwatsu a kan kwano da katako har kowa ya jefa nasa. Ƴan sanda su juya baya suna shan lemo.

Doka ɗaya ce a wurin: ba mai ɗaga hannu sai mai gilashi, wani mai sana'ar sa gilashin taga, ya jefa. Shi ya fara jifan, ranar da aka fito masa da matarsa da ƴarsa daga tarago a ƙunshe cikin zani ɗaya, kuma tun daga nan aka bar masa. Abokan sana'a kan tsokane shi, wai mai gilashi da jagorancin jifa, lalle ya iya neman kasuwa. Shi dai ba ya dariya. A ɓoye ma yana jin daɗin matsayin, don rana ce guda da gari ke buɗa masa hanya.

Bana tsohuwar, matar mai sigina, ta rasu. Magada suka ba da hayar gidan ga wata nas da aka yi wa canjin aiki daga nesa, ba su ce mata uffan ba. In jifa ta wuce kanka, ai ta faɗa kan kowa. Nas ɗin ta zo da mahaifinta, tsohon tela mai shanyewar ɓarin jiki, ta kira mai gilashi ya cire katakan ya faɗaɗa tagar.

"Ɗana, ƙara mata faɗi," in ji tsohon daga kan gado, da bakinsa da ya karkace. "Na gaji da kallon silin, na haddace shi kaf. Bari in ga ɗinkin da telolin yanzu ke ɓata wa mutane yadi da shi."

Mai gilashi ya yi taga mai kyau, aka tura gadon jikinta. Yana goge gilashin tsohon yana nuna masa masu wucewa da hannunsa mai rai, yana faɗin wanda wandonsa ya ɗangale da wadda aka cuce ta a kafaɗa. Rabon mai gilashi da dariya irin ta ranar har ya manta. Sai da ya tattara kayansa ya ja nas ɗin gefe ya gaya mata gidan da take ciki.

Ta dafe ƙirji. "Gadon nan na ƙarfe ne, a cikin ɗakin aka haɗa shi, ba ya fita ta ƙofa. Baba kuma ba ya ɗaguwa sai da ƙarti. Mayar mini da katakon, Malam."

"Sista, katakon ne ke kiran dutse. In suka ga mutum a taga jikinsu zai yi sanyi. Kuma ba mai jifa sai na jefa, ni kuwa na gama."

"Ka tabbata?"

"Na san mutanena," in ji shi. Har zuciyarsa haka ya yarda.

Ranar na zuwa, surukar mai gilashi ta iso shagonsa da sassafe kamar kowace shekara, da dutsenta a bakin zani, don ita ba ta rubutu. Shi yakan rubuta sunan matarsa a nasa, a nata kuma ya rubuta sunan da take kiran jikarta da shi, Ƴar Tsana. Ya tsoma siririn buroshi a fenti ya rubuta, yana hura masa iska.

"Inna, tsohuwar nan fa ta rasu."

"Na ji. Ta tarar da mijinta."

"Wasu baƙi ne a gidan yanzu. Akwai marar lafiya."

"Gidan ya tashi daga inda yake ne?" Ta karɓe dutsenta tun fentin bai gama bushewa ba.

Bayan jiniya da jawabi, mai gilashi ya shiga gaba, jama'a na bin sa cikin wankakkun kaya. Da suka isa, maimakon ya tsaya inda ya saba, sai ya ƙarasa har gindin tagar, ya juya ya ba ta baya. Ya ɗaga dutsensa kowa ya gani, ya sunkuya ya ajiye a ƙasa.

"Jama'a, wadda muke zuwa dominta ta mutu. Waɗannan ko labarin ba su sani ba. Ku dubi bayana, dattijo ne a kwance. Mu yi wa namu addu'a mu koma gida."

Ba wanda ya ɗaga hannu, har ya fara jin daɗi a ransa. Sai wani tsohon lebura da ya bar ƙafarsa ɗaya a tarago ya buga sandarsa a ƙasa.

"To ni ina zan kai nawa? In mayar da shi layin dogo in ce wa ɗana bana babu?"

"Tagar ai aikinsa ce," in ji wani daga baya. "Gilashinsa yake karewa."

A daidai nan tsohon tela, da ya ga taron mutane cikin ado a ƙofarsa, ya ɗauka gaisuwa aka zo. Ya ɗaga hannunsa mai rai, ya yi musu murmushi da rabin bakin da ke motsi.

"Ku duba, dariya yake mana," wata mata ta ce.

Surukar ce ta ratso ta fito gaba. Ko tagar ba ta kalla ba, surukinta ta tsura wa ido. "Baban Ƴar Tsana, kai ne yau ka ajiye ƴata a ƙasa?" Ta jefa da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Dutsen ya bugi ƙirjinsa ya gangara can gefe, ko zafi bai ji ba. Amma an yi jifan farko.

Na biyu ya same shi a baki, ya ji haƙori ya faɗo kan harshensa. Na uku ya fasa masa gira, jini ya rufe masa ido. Ya buɗe hannuwa yana kare tagar, kamar mutum ɗaya zai iya tare ruwan sama. Gilashin ya tarwatse a bayansa, ɓaraguzai suka zubo masa a wuya. Da ma can kowa dutse ɗaya yake jefawa ya tafi, amma katako ake jifa a lokacin, katako kuwa ba ya jini. Yau da suka ga jini, waɗanda suka jefa nasu suka shiga tsintar na ƙasa suna sake jefawa. Leburan nan ya rafka masa sanda a gwiwa, shi ma santsi ya kwashe shi ya faɗi, aka bi ta kansa.

Daga ciki nas tana kururuwa, "Ku bari, babana ne, ba ya iya tashi." Ta kifa kanta a kan tsohon, tana kare shi da farantin magani, duwatsu na ƙara a jikin farantin. Mai gilashi ya dafa bakin tagar, gilashin da ya yanka da hannunsa ya tsarge masa tafin hannu har ƙashi, bai saki ba. Ya afka ciki ya kwanta a kan su biyun, ya bar wa duwatsun gadon bayansa.

Bai san wanda ya fara tsayawa ba. Ya dai ji ƙarar ta ragu, sai takun masu gudu, sai kuma jiniyar ƴan sanda, waɗanda da alama sun gama shan lemonsu.

Ya ɗaga jikinsa da ƙyar. Hannun tsohon mai rai yana lilo a gefen gado. Gefen kansa ya lotsa, matashin ya jiƙe sharkaf. Nas ta taɓa wuyansa, ta daɗe tana taɓawa, ita da aikinta ke nan, sannan ta janye hannunta. Tsoro da kunya suka taru suka danne mai gilashi.

A kan matashin, jikin kunnen tsohon, akwai dutse guda. Wanda ya tsince shi a ƙasa ya sake jefawa, Allah kaɗai ya sani. Fentin ya ɗan goge, amma rubutun yana karantuwa, kuma mai gilashi ya gane hannunsa.

Nas ta bi idonsa da kallo, ta karanta. "Wace ce Ƴar Tsana?"

"Ƴata ce."

"Shekararta nawa?"

"Huɗu."

Ta gyaɗa kai, ta ja mayafi ta rufe fuskar mahaifinta. "Ɗauke ta daga gadon babana," in ji ta.