Shida a Raye

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da yaran firamare a garin Scranton na ƙasar Amurka. Da na ajiye aiki sai na koma koyar da tsofaffi. Duk ranar Talata da hantsi muna haɗuwa a ƙaramin ɗakin da ke bayan cocinmu, mu takwas ko tara, da kwamfuta uku da butar shayi. Ina nuna musu yadda ake bin sawun kakanni a takardun ƙidayar jama'a da littattafan baftisma. Kusan dukkanmu daga yammacin Ireland kakanninmu suka zo, haƙar kwal ce ta kawo su garin.

A farkon watan Satumba Loretta Durkan ta shigo ajin. Shekarunta saba'in da takwas, ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa abinci a makarantu, ba ta taɓa yin aure ba. Ƙanenta Emmett ne ya kawo ta a mota, ya zauna kusa da ƙofa da jaridarsa, wai shi direba ne kawai.

Loretta ta ajiye jakarta a kan tebur ta ce, "Malama Tuohy, ni ba tarihi na zo nema ba. Sunaye nake nema, kuma da sauri."

Dutsen kabarin kakanninsu, Thady Durkan da matarsa Honora, sanyin bara ya tsaga shi gida biyu. Sun ba mai sassaƙa aikin sabo. Shi kuma ya ce a kawo masa abin da zai rubuta kafin Oktoba ta ƙare, don ya kafa dutsen kafin ƙasa ta daskare. In aka wuce haka, sai bayan dusar ƙanƙara ta narke. Loretta tana so a rubuta sunan kowane ɗa da Honora ta haifa. Waɗanda suka girma a sama, waɗanda suka rasu suna jarirai a ƙasa.

"Biyar muka sani," in ji ta. "Gwaggo Sabina ce babba, sai Owen, sai Winifred, sai Bartley, sai babanmu Martin, auta. Amma an ce akwai waɗanda ba su yi rai ba."

Daga bakin ƙofa Emmett ya ce, "Yaya, a rubuta 'da 'ya'yansu' kawai mana. Matattu ba sa karanta dutse."

"Kai ma ai ba ka karanta komai sai sakamakon ƙwallo, amma ba mu daina sa sunanka a takarda ba."

Muka fara inda nake fara wa kowa, wato ƙidayar shekarar 1900. Mun same su ba wuya. Thady, mai haƙar kwal. Honora, ba ta karatu, ba ta rubutu. 'Ya'ya biyar a gida, Martin yana ɗan wata goma. A waccan ƙidayar ana yi wa kowace mace tambaya biyu: nawa kika haifa, nawa ke raye. A gaban sunan Honora an rubuta takwas, an rubuta shida.

Loretta ta matso da tabaronta ta ƙirga yaran da yatsa a jikin gilashin kwamfutar. Biyar. Ta sake ƙirgawa.

Na ce mata kada ta damu, masu ƙidaya sun sha yin kuskure. Wani a bakin ƙofa yake tsayawa ya tambayi maƙwabciya. Muka buɗe ta 1910. Wani mutum ne dabam ya rubuta, hannunsa ma dabam. Takwas. Shida.

Mako biyu muka yi a kan jariran. Littafin cocinmu ya ba mu biyu: Ellen, ta rasu tana wata huɗu, da Denis, bai kai shekara ba. Biyar da biyu, bakwai. Saura ɗaya. Tunda an ɗaura auren Thady da Honora tun a gundumar Mayo ta Ireland kafin su hau jirgin ruwa a 1881, sai na duba hotunan littafin baftisma na ƙauyensu, Cloonabrack. A watan Maris na 1879 na ga abin da nake nema. Sabina, 'yar Thady Durkan da Honora Lavelle.

Na ji daɗi ƙwarai, har na kira sauran 'yan ajin su zo su gani, don darasi ne mai kyau. Na yi musu bayani a hankali, kamar yadda na saba. Mutanenmu idan yaro ya rasu, sukan mayar da sunansa ga wanda aka haifa bayansa. Ga Sabina a Mayo a 1879, ga wata Sabina a Scranton a 1883, uwa ɗaya uba ɗaya. Ma'anar a fili take. Ta farkon ta rasu, mai yiwuwa a waccan muguwar shekarar da dankali ya ruɓe, shi ya sa aka sa wa ta biyun sunanta. Na ga irin wannan ya fi sau ɗari, kuma ban taɓa ganin ya saɓa ba.

"To, alhamdu," in ji Emmett, yana naɗe jaridarsa. "Uku a ƙasa, biyar a sama. Mu je mu ci abinci."

Loretta ba ta motsa ba. Ta ce, "Malama, uku da biyar takwas, na yarda. Amma Kaka Honora shida ta ce suna raye."

"Na gaya miki masu ƙidaya..."

"Sau biyu, shekara goma tsakani. Kaka ba ta iya karatu ba, ga shi nan an rubuta. Amma ban taɓa ganin macen da ta ɓata lissafin 'ya'yanta masu rai ba. Na matattu wataƙila, don wata ba ta son tunawa. Na masu rai, a'a." Ta cire tabaronta ta goge da gefen rigarta. "Kin ga takardar mutuwar Sabinar farkon?"

Na ce ban gani ba, amma cocin ƙauyen ba ya rubuta jana'iza a wancan zamanin.

"To ba zan sa a binne ta a dutse ba sai na ga inda ta mutu."

Gaskiya na ɗan ji zafi. Shekara tara ina wannan ajin, ba wanda ya taɓa mayar mini da magana. Amma na koyar da yara da yawa, na san wanda yake gardama don taurin kai, na kuma san wanda yake gardama don ya ga wani abu. Sai na tambaye ta me take so mu yi.

Ta ce, "Ki nuna mini yadda ake juya shafi. Sauran ni zan yi."

Littafin Cloonabrack na shekarun da aka haifi Thady da Honora ba shi da jerin sunaye da za a bincika. Hotuna ne kawai, shafi bayan shafi, tawada ta koɗe, ruwa ya ci gefe, ga rubutun limamai kamar sawun kaza. Ita kanta ba ta san abin da take nema ba. Cewa ta yi tana so ta san mutanen gidan duka, ko wani zai faɗa mata wani abu. Na karɓo mata mabuɗin ɗakin. Ta riƙa zuwa kullum bayan sallar safe ta coci, da burodinta mai zabibi a naɗe a tawul, ta zauna har azahar. Ta sayi littafin rubutu irin na 'yan aji uku, duk Durkan ko Lavelle da ta gani sai ta rubuta shi, da sunan uwa, da na uba, da na waɗanda suka tsaya wa jaririn. Shafi arba'in take yi a rana, wani lokacin hamsin. Idan idonta ya fara ruwa sai ta rufe shi ta ƙirga ashirin, ta ci gaba.

Emmett yana ta ƙorafi. "Malama, ki yi mata magana. Ni gwiwata ciwo take, ita kuma ta mayar da ni yaron mota."

"Gwiwarka ba ta hana ka zuwa mashaya ranar Juma'a," in ji Loretta, ba ta ko ɗago kai ba.

Amma na lura ya daina kawo jarida. Yakan ja kujera ya zauna bayanta, wai yana hutawa ne, alhali idonsa na kan gilashin.

Ranar ashirin ga Oktoba mai sassaƙar, Mista Zaleski, ya bugo waya ya ce saura kwana goma. Washegari Talata ce. Ina shigowa na tarar da Loretta ta buɗe littafinta a kan teburina, ta ja layi ƙarƙashin wurare biyu.

"Malama, duba mini wannan. Ko idona ne."

Na farko baftismar Honora ce, 1858. Sunan mahaifiyarta Sabina Moran. Na biyu baftismar Thady ce, 1855. Sunan mahaifiyarsa Sabina Ruane.

Sai da na zauna. Abin da nake koyarwa ne da bakina a darasi na uku, kowace shekara. 'Yar fari sunan mahaifiyar uwa take ci. 'Ya ta biyu sunan mahaifiyar uba. Thady da Honora sun ba kowace uwa haƙƙinta, kawai dai iyayen nasu mata sunansu ɗaya. Ba sai wata ta mutu ba kafin a sake sunan. Na riƙe al'ada ɗaya na manta da 'yar uwarta.

Emmett ya ce, "Amma wa zai sa wa 'ya'yansa biyu suna ɗaya a gida ɗaya? In an kira abinci wa zai zo?"

"Wa ya ce maka gida ɗaya suke?" in ji Loretta a hankali. "Idan teku ce tsakaninsu fa?"

Ni ce na buɗe ƙidayar Ireland ta 1901, amma ita ce ta ce kada in nemi gidan Durkan, in nemi gidan Lavelle, gidan su Honora. Gida na sha ɗaya a Cloonabrack, ɗaki biyu, rufin ciyawa. Mai gida Sabina Lavelle, wato mahaifiyar Honora, gwauruwa, shekara saba'in da huɗu. A layin da ke ƙarƙashinta: Sabina Durkan, jika, shekara ashirin da biyu, tana karatu, tana rubutu.

Wata tsohuwa 'yar ajinmu, Peg Mulrennan, wadda ba ta iya rufe baki minti ɗaya, ta ajiye kofinta ba ƙara.

An bar ta ne wurin kakarta tana 'yar shekara biyu. Haka mutane da yawa suka yi, a kan za a aiko a ɗauke ta idan an samu wurin zama. Me ya hana, takarda ba ta faɗa ba. Wataƙila tsohuwar ce ta ƙi rabuwa da ita, wataƙila yarinyar ce ta girma ta ƙi barin tsohuwar. Honora ta rasu a 1912, Martin yana ɗan shekara goma sha biyu, kuma da alama daga nan maganar ta mutu a gidan.

Na ce wa Loretta a gaban kowa, "Ke ce da gaskiya, ni ce na yi kuskure. Da kin bi maganata da mun rubuta ta cikin jarirai."

"Haba Malama," ta ce, "ba ke kika koya mini juya shafi ba? Yanzu saura shekarar da ta rasu. Ba zan bar mata gurbi babu komai ba."

A ranar muka rubuta wa cocin Cloonabrack. Ita ta faɗa, ni na buga, ta sa na goge "muna roƙo" sau biyu don wai ya yi yawa. Kwana shida ba amsa. Emmett ya ce a rubuta shekarar haihuwa kawai, ta ce a'a. Ran na bakwai sakatariyar cocin ta aiko da saƙo. Sabina Durkan ta auri Anthony Ruddy a 1903, ta haifi tara. Matar ta ce ta taka da kanta zuwa maƙabarta cikin ruwan sama, ga hoton dutsen. Ta rasu a watan Fabrairu na 1961, tana da shekara tamanin da ɗaya.

Loretta ta kai wa Mista Zaleski takardar da hannunta, saura kwana biyu. Da yamma ya bugo mata yana tambaya ko ta lura ta maimaita suna. Ta ce ta lura, ya sassaƙa yadda ya gani.

An kafa dutsen a mako na biyu na Nuwamba, da safe, iska tana yanka kunne. Sun gayyace ni, na je. A ƙarƙashin Thady da Honora sunan farko shi ne Sabina, 1879 zuwa 1961, tana kwance a Cloonabrack. Sai ɗayar Sabinar, sai sauran. A can ƙasa Ellen da Denis, su biyu.

Emmett ya daɗe yana kallo, hannunsa cikin aljihu. Can ya ce, "A 1961 shekarata goma sha bakwai. Ke kina da ashirin da ɗaya. Muna da gwaggo a raye, Yaya, muna nan muna yawonmu. Da na sani da na rubuta mata wasiƙa."

"Kai? Ni da nake layi uku da gidanka ko katin Kirsimeti ban taɓa gani ba."

Emmett ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, duk da sanyin. Loretta ta dube shi, ta gyara masa wuyan rigarsa, sannan ta juyo gare ni.

"Malama, 'ya'ya tara aka ce ta haifa ko? Ranar Talata ki zo mini da wuri."